Ranar da Jaki Ya Haye Komadugu

Duk cikinku babu wanda bai taɓa yi mini tsiya a kan lissafi ba. Kun ce ko gishiri zan zuba a miya sai na ƙirga ƙwayoyinsa, ban kuwa musa ba. Ɗiyar ɗan kasuwar Damagaram ce ni, a gindin ma'aunin ubana na yi wayo cikin kasuwar Difa, kuma da wannan halin na riƙe gidan mahaifinku, Malam Ari, shekara da shekaru ba mu kwana da yunwa ba. Sai dai akwai lissafi ɗaya da na yi wanda ya fito daidai a kaina, ya kuma kusa cinye mu. Shi zan rubuta muku tun idona bai gama ja da baya ba. Maganar kwana ukun nan ce da mahaifinku ya ƙara a lambu bayan ruwan kogi ya janye. Abin da kuka sani a kanta ba haka yake ba. Shi da kansa ya karkatar da labarin, ni kuma na yi shiru, don shirun ya yi mini daɗi.

Ƙananan cikinku ba za su tuna ƙauyenmu ba, can bakin Komadugu, kudu da Shetimari. Nan ubanku ya gaji lambun tattasai daga ubansa. Da yaran daji suka fara tsallako kogin da bindigogi, muka kwaso ku da kakarku muka shigo Difa, kamar yadda kowa ya yi. Gari ya cika maƙil. Mutanen gulbi, mutanen tafki, ƴan gudun hijira daga tsallake, kowa na neman inda zai sa kansa. Mu Allah ya taimake mu da ɗaki biyu da ɗan tsakar gida a wurin wani Alhaji mai gidajen haya, jika ashirin na sefa a wata. Da farko abin ya zo da sauƙi saboda ubanku na da babur. Ya yi asuba ya hau, kafin hantsi yana cikin lambu, kafin magariba ya dawo yana ƙanshin ɗanyen tattasai. Sai aka wayi gari hukuma ta hana hawa babur a jihar baki ɗaya, don da shi yaran suke kai hari. Ubanku ya turo nasa cikin ɗaki, ya jingine shi da bango, na lulluɓe shi da tsohon zane. Kuna hawa kansa kuna wasan direba, shi kuma yana kau da kai.

An kuma hana zuwa lambu da sayar da tattasai na wani lokaci. Ko da aka sassauta aka bar mutane su koma, babur na nan a haramce. Tafiyar da a da ɗan man kwalba ke kai shi ya dawo da shi, ta koma sai an shiga a-kori-kura an biya, a sauka bakin kwalta, a taka sauran da ƙafa. Ni ce mai riƙon kuɗin gida, don ubanku in ka ba shi jika da safe, kafin azahar ya raba ta ga masu tsaida shi a hanya. Sai na sami gwangwanin madara biyu, ɗaya na haya, ɗaya na mota. Duk abin da ya shigo, ko na ɗinkina ko na kayan miya da yake kawowa, sai na raba shi biyu kafin a taɓa na cefane. Wata biyu ina kallonsu, na ga na mota yana cinye na haya. Rana zafi, inuwa ƙuna. In ya je kullum babu gida, in bai je ba babu lambu. Wata Juma'a bayan ya ci tuwo na zauna gabansa na faɗa masa.

"Malam, mota za ta fitar da mu daga gidan nan. In ka riƙa kwana can, kana zuwa Juma'a kaɗai, haya ta tsira."

Ya wanke hannu a kwano ya dube ni.

"Ƴar Damagaram, kin ƙirga kuɗi. Kin ƙirga ruwa?"

"Wane ruwa kuma?"

"Yanzu kogi a cike yake, ko kwale-kwale sai da dabara. Muddin shina cike zan kwana. Ranar da ya janye, ki aiko mini mota a ranar, in kwaso kayana in taho. Wannan kuɗin motar ki ware shi daban, kada ki taɓa."

Na ce na ji. Har na ji haushin ya koya mini ajiyar kuɗi, shi da ko aljihu mai kyau ba shi da shi.

Haka muka yi tun daga dashe har tattasai ya ja. Ya kafa bukka kusa da ramin injin ban ruwa, shi da maƙwabcinsa Bukar, wanda lambunsa ke jikin namu. Kun san Bukar ta bakin ƴaƴansa. Mutum ne gajere mai yawan dariya, in yana ba da labari sai ya tashi tsaye ya gwada da jikinsa. Su biyu suke kwana can, ba sa hura wuta bayan faɗuwar rana, wayar salula ɗaya suke amfani da ita, sai an kai ta Shetimari a yi mata caji. Ni kuma a gida na koyi wani irin zama da ban san shi ba. Duk ƙarar da na ji daga yamma sai gabana ya faɗi, ko ƙofar kwano ce iska ta buga. Ran Juma'a tun hantsi ina bakin ƙofa da tsintsiya, ina share wurin da na riga na share. Kakarku, wadda kowa ke kira Kaka, takan zauna a tabarmarta da carbi tana kallona.

"Dije, ƙasar za ta ƙare," in ji ta da Hausarta mai nauyin Barbarci. "Zo ki zauna. Ruwa na nan tukuna."

Ita duk hirarta ruwa ce. Duk wanda ya zo daga gulbi, kafin ta tambayi lafiyar ɗanta sai ta tambayi inda ruwa ya kai. Ni a lokacin tsufa na ɗauke shi. Baƙo ko da idonsa makaho ne, kuma shekara ashirin da na yi a bakin kogin nan ba su mai da ni ƴar kogi ba. Wanki na sani a cikinsa, da kifi.

Da aka fara tsinka ana shanya, sai maganar babbar mota ta taso, wadda za ta sauka har bakin lambu ta kwaso buhuna. Direbobi ba sa son gangarawa can. Wanda ya yarda, wani Sale da ke tashar yamma, ya yanka jika hamsin. Da na yi ƙorafi ya ce rabi na mai ne, rabi na tsoro. Ubanku da Bukar suka shirya su haɗa kaya a mota ɗaya. Wata Juma'a Bukar ya zo da kansa har tsakar gidanmu, ya kwance bakin rigarsa ya ƙirgo mini nasa kason, jika ashirin da biyar.

"Ga shi, uwar lissafi. A gidana ɓera ma rance yake ci. Wurinki kaɗai na san zai kwana lafiya."

Muka yi dariya, na haɗa da namu na rufe gwangwani. Ku riƙe wannan, don ban taɓa faɗa wa kowa ba: rabin kuɗin da ke cikin gwangwanin nan ba namu ba ne.

Ran Alhamis da hantsi Alhaji mai gida ya yi sallama. Ba mugun mutum ba ne, kada ku zage shi. Ya zauna bisa turmi ya sha ruwa, ya tambayi jikin Kaka, sannan ya ce ma'aikatan furoje, na ƙungiyoyin agajin nan, sun cika gari suna neman gidaje, kuma wasu sun ga namu. Za su biya ninki, su ba da na wata shida a dunƙule. Ya ce shi ma yana da iyali. Na roƙe shi da Allah da Annabi, na nuna masa ku, na nuna masa tsohuwa. Ya sunkuyar da kai ya ce to, in na kawo na wata uku yau kafin la'asar, zai ce musu an riga su. In ban kawo ba, ƙarshen wata mu ba shi makulli. Ni kuwa na ga inda marasa gida suke kwana. Na ga rumfunan zana da leda a bakin kwalta, mata na girki a fili, ƴan mata na neman inda za su tsuguna. Ke Falmata lokacin kin fara girma.

Bayan fitarsa na shiga ɗaki na zazzage gwangwanin haya, jika goma sha biyar. Na daɗe ina kallon ɗayan. Sai kan nan nawa da kuke yaba wa ya fara aiki. Ran Lahadi ɗaukata ce a adashi, jika hamsin cif. In na ara daga na mota yau, Lahadi in mayar, Litinin mota ta tafi, Talata kaya na kasuwa. Babu wanda zai sani, babu wanda zai cutu. Har wani daɗi na ji na iya shiri. Na ɗebi arba'in da biyar, na ɗaura a gefen zane, na kai wa Alhaji da hannuna. Ina dawowa ban ko cire mayafi ba wayar ta yi ƙara. Muryar ubanku ce, ƙasa-ƙasa, ba gaisuwa mai tsawo.

"Dije, ki je wurin Sale yanzu. Gobe da sassafe shi taho. Yau jaki ya haye."

"Wane jaki?"

"Na masu itace. Daga tsallake ya taho, ko cikinsa bai jiƙe ba. Mutanen lambun gabas duk sun kwashe."

Ya kamata a nan in ce masa na taɓa kuɗin. Kalma uku ce. Da ya ji, da shi da Bukar sun san abin yi, ko su nemi amalanken shanu su fitar da abin da ya samu, ko su bar kayan su tsira da ransu. Amma shekara ashirin yana kirana uwar lissafi a gaban mutane, kuma abu ɗaya tak ya taɓa ce mini kada in taɓa. Kunya ta hana ni. Sai na ji bakina yana cewa:

"Na je wurinsa ɗazu. Ya ce motar na gareji, sai Litinin."



"Litinin," in ji shi. "To. Allah shi kai mu. Caji ya kusa ƙarewa, ki gaida Kaka."

Gaskiya ban ji tsoro sosai a ranar ba. A raina cewa na yi, jaki ne fa, kwana uku kuma ba shekara ba ce. Sai washegari Juma'a, da Kaka ta ga hantsi ya yi ban fita shara ba, ta tambaye ni ko ɗanta ba zai zo ba. Na ce yana tsaron shanya, sai Litinin, har na ƙara da cewa wai jaki ya haye, kamar mai ba da labarin ban dariya. Carbin ya faɗi daga hannunta. Tsohuwar da sai an kama ta take miƙewa, ta dafa bango ta tashi tsaye da kanta.

"Yaushe?"

"Jiya."

"Jiya! Kuma kina zaune? Dije, inda jaki ya taka, mutum da bindiga a ka ya fi shi sauri. Su ma can suna kallon ruwan, kamar yadda muke kallo. Tun kakanninmu ba a kwana biyu a bakin gulbi bayan jaki, in ƙasa ba lafiya. Tashi ki kira mota!"

Na zura takalmi na fita, ban ko ɗora tukunya ba. Na sami Sale a tasha yana kwance ƙarƙashin motarsa, lafiyarta lau. Na ce ya tafi yau, in biya shi Lahadi. Ya fito yana share hannu, ya ce, "Yaya, man isansi sai da takarda ake samu yanzu, kuma ba a ba da shi bashi. Ni ma raina zan kai can. In na mutu wa zai zo karɓar bashin?" Ban ga laifinsa ba. Na wuce gidan Alhaji in ce ya mayar mini ko rabi, aka ce ya yi asubanci zuwa Damagaram. Na je wurin uwar adashi, ta buɗe mini jakarta, mutum uku kaɗai suka zuba, saura sai Lahadi. Har wurin masu gyaran babur na je, na ce ga na mijina, sabo fil, a ba ni ko nawa ne. Suka yi mini dariya, wani ya ce in ina da jaki ya fi daraja. Ina tafe ina kiran wayar ubanku, wata mata na ce mini a kashe take. Na kira ya fi sau talatin. Masallatai suka cika suka watse ina yawo a rana, leɓena ya bushe, kuma duk wanda na gani ya fito daga yamma sai in tsare shi da ido ko fuskarsa za ta faɗa mini wani abu.

Ran Asabar na ɗora keken ɗinkina a ka na kai kasuwa. Wani tela ya ga idona ya san a matse nake, ya saya a wulaƙance. Na haɗa da ƴan kunnen aurena da jika biyar da suka rage, kuɗin Sale ya cika bayan azahar. Na kai masa a guje. Ya dubi rana, ya ce in ya tafi yanzu, kafin a gama lodi an rufe shingen sojoji, dokar hana fita ta kama shi a daji. Sai gobe, da an buɗe hanya. Na ce zan bi shi. Ya ce mace ba ta da aiki a can. Na ce kuɗina ne, kuma ko bisa taya zan zauna. Da na koma gida Kaka ba ta tambaye ni ina keken ɗinki ba. Ta dubi wurin da yake zama, ta dube ni, ta ci gaba da jan carbi. Tuwon da na tuƙa a ranar ku kaɗai kuka ci.

Lahadi muka fita da buɗe shinge. Ina gaba kusa da Sale. Mun wuce rabin hanya sai Sale ya yi atishawa, ya sake yi. Ni ma na ji maƙogwarona na ƙaiƙayi. Kun san yadda gida ke zama in ƙwayar tattasai ɗaya ta faɗa a wuta. To wannan iska ce gaba ɗaya. Can kudu, wajen kogi, hayaƙi ne ya tashi, ba baƙi ba, wani ja-ja mai kauri, yana kwance bisa itatuwa. Sale ya rage gudu, ya ce, "Inna lillahi." A mararrabar da ake sauka daga kwalta sojoji sun tare hanya, mutane sun taru, kowa ya rufe hanci da rawani ko gefen zane, manya da yara sai tari suke, idanu na zubar da ruwa. Na sauka ina tambayar kowa. Wani ya ce da sassafe yaran dajin suka hayo, bayan an yi sallah, a ƙafa. Wani ya ce sun cinna wa duk shanyar da suka samu wuta. Na ce mutane fa? Suka kau da kai. Na nufi shingen zan wuce, wani soja ya tare ni da hannu, na durƙusa a ƙasa ina roƙonsa, ban san ma abin da nake faɗa ba.

Rana ta take tsaka kafin amalanken shanu ya ɓullo daga cikin hayaƙin. Mutum biyu ne a kai. Ɗaya an rufe shi da tabarma har kansa, ƙafafunsa gajeru sun leƙo. Ɗayan yana zaune, an riƙe shi. Da rigar na gane shi, don ni na ɗinka ta. Fuskar ta kumbura, idanun sun rufe ruf, bakin duk jini. Daga baya ya ba ni labari guntu-guntu. Yana cikin ramin inji yana kwance bututu sa'ad da ya ji su. Ya ja tabarma ya rufe bakin ramin. Bukar kuwa yana fili yana juya shanya, don a same ta a shirye in mota ta zo. Ubanku ya ji duk abin da aka yi masa. Sannan suka sa wuta, iska ta kwaso hayaƙin shekara guda na tattasai ta zuba cikin ramin. Suna tsaye a kansa suna magana, tari ɗaya zai tona shi. Ya cusa hularsa a baki ya cije, ya cije har haƙoransa suka shiga leɓe. Bai san tsawon lokacin ba. Tarin nan da kuka tashi kuna ji kowace safiya, wanda ya hana shi azumi, wanda a ƙarshe ya tafi da shi, tarin da ya riƙe ne a ramin nan.

A motar Sale muka kai shi gidan likita, motar da aka biya don buhuna. Kwana biyu bai iya magana ba. Ran na uku, an ɗaure masa idanu da farin ƙyalle, babu kowa sai ni, na kama ƙafarsa na faɗa masa duka. Alhaji, gwangwani, adashi, ƙaryar gareji, da kason Bukar. Na so ya zage ni. Wallahi na so ya sake ni a wurin, da na ji sauƙi. Ya ja numfashi kamar ana jan zarto, ya ce:

"An biya hayar?"

"An biya. Wata uku."

"To yara na da wurin kwana. Kada in ƙara jin wannan magana a bakinki, ko wurin Kaka."

Da la'asar ƴan dubiya suka cika ɗakin, da Kaka, da kai babban da ba na faɗin sunanka, da ƙanin Bukar. Wani dattijo ya ce, "Ari, kai ɗan gulbi, ya aka yi ka kwana uku bayan jaki?" Na buɗe baki. Ubanku ya riga ni.

"Taurin kaina ne. Dije ta ce in taho, na ce sai shanya ta ƙara bushewa. Ni na riƙe Bukar."

Ƙanin Bukar ya tashi ya fita bai yi sallama ba, kuma har ubanku ya rasu bai ƙara gaishe shi ba. Kaka ta ɗago ta dube ni, kallo ɗaya. Ta sani. Ta rayu shekara biyu bayan nan a hannuna, ina yi mata wanka ina ba ta abinci a baki, ba ta taɓa furtawa ba. Kai kuma babban, na ga yadda fuskarka ta sauya a ranar. Na ji ka daga baya kana ce wa ƙannenka tattasai ya fi masa ku. Na ji ka faɗa a ranar sadakar bakwai ɗinsa ma, cewa taurin kai ne ya kashe shi. Ina bayan zana ina jin ka, na bar ka ka faɗa. Kun kuma sha mamakin yadda ni da ba na sakin dala, duk abin da ya shigo gidan nan sai na aika da kaso gidan Bukar ba tare da an roƙe ni ba. Kuka ce tsufa ya sa na yi laushi. Ba laushi ba ne.

Gidan kuwa, wata ukun nan kaɗai muka ƙara a cikinsa. Babu tattasai, babu keken ɗinki, adashin ya tafi a magani. Da wa'adi ya cika Alhaji bai ko yi magana ba, mu muka kai masa makulli. Muka koma bayan gari, cikin rumfunan zanan nan da na yi ta gudu, muka yi shekara biyu a can. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ranar tashi, na ɗaure kaya na tara a tsakar gida, ubanku na zaune bisa turmi, ido ɗaya ya fara gani dishi-dishi. Kuna ta kai da kawowa. Sai ya karkato kai wajena, ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Ƴar Damagaram, na amalanke fa? Kin ware?"

Na ce na ware. Ya yi dariya, dariyar ta juye tari, ya yi ta yi har ya dafa ƙasa, ni ina riƙe da kafaɗarsa ina kuka, ku kuna zaton kukan barin gida nake. Iyakar abin da ya taɓa ce mini a kan maganar ke nan har ya koma ga Mahaliccinsa. Ya hana ni faɗa, na yi masa biyayya yana raye, na kuma fake da biyayyar bayan ya mutu. Yanzu na karya. Ubanku ya nemi mota a ranar da ya kamata, tun ran Alhamis. Ni na ce masa sai Litinin. Kai babban, in ka gama karantawa, ka ɗauki takardar nan ka kai wa ƙanin Bukar tun yana da rai, ka karanta masa da bakinka.